Tabawa Ungozoma Da Ƙofofin Da Aka Rufe

A wani zamani mai nisa, wanda ko kakannin kakanninmu labarinsa kawai suka tarar, an yi wata shekara da haihuwa ta tsaya cak a garin Tungar Bauna.

Da kaji abin ya fara. Kaza ta kwanta kan ƙwanta har gashin ƙirjinta ya zube, ba tsako ko ɗaya. Mutane suka ce bara-gurbi ne. Amma in ka kara ƙwan a kunne sai ka ji ɗan tsako a ciki yana ƙwanƙwasawa, ɓawon kuwa ko da dutse ka buga ba ya tsagewa. Ana cikin wannan mamaki sai awaki suka bi sahu. Ciki ya sauka har yana neman taɓa ƙasa, hantsa ta cika, akuya ta yi ta kewaya turke tana kuka, haihuwa shiru. Daga nan sai abin ya shiga ɗakunan mata.

Ungozomar garin wata dattijuwa ce mai suna Tabawa, tsamurarriya, mai kaifin harshe, wadda ita ta yanke cibiyar rabin mutanen garin. 'Ya'yan cikinta kuwa duk ta binne su, saura autarta Ladingo, wadda ta zo goyon ciki gida. Naƙuda ta kama Ladingo, ta yi ta durƙuso har gwiwoyinta suka ɗaye. An sha rubutu, an sha jiƙo, an yi turare, ba labari.

"Inna," in ji Ladingo da murya ƙasa-ƙasa, "ina jin sa yana neman hanya. Me ya tare shi?"

Tabawa ta share mata gumi da gefen zane. Ta kira maƙwabciyarta Uwale ta ce ta zauna da yarinyar, ita kuma ta ɗauki ƙwarya ta nufi bakin gulbi neman karkashi. Ba wai ta yarda zai yi magani ba ne, kallon idanun 'yarta ne ta kasa ci gaba da yi.

Rana na tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi. Ta sunkuya ke nan za ta tsinki ganye sai wata guguwa ta taso daga tsakiyar ruwa, ta hau tudu, ta tsaya a gabanta. Ƙurar ta lafa, sai ga wani dogon halitta launin toka, kansa na gogar rassan tsamiya, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ki, ya ke 'yar Adam. Ke ce Tabawa mai karɓar haihuwa?"

Bakin Tabawa bai mutu ba. Ta ce, "Ni ce. In raina ka zo ɗauka, ka yi haƙuri sai 'yata ta sauka."

"'Yarki ba za ta sauka ba, sai in kin biyo ni. Sunana Zarkamu, bawan Gimbiya Nuwaira. Ki sani, a ƙasarmu akwai ƙofofi biyu, kuma duk mai rai da zai shigo duniya ta ɗaya daga cikinsu yake bi. Ƙofar Ɓawo ta masu ƙwai ce, tana hannun Sarki Dumbuza. Ƙofar Mahaifa ta masu haihuwa ce, tana hannun Magajiya Harsuna. Uwar ɗakina 'yar Dumbuza ce, ta auri ɗan Harsuna, irin auren da ba a taɓa yi ba. Mijin ya rasu ya bar ta da ciki. Iyayen suka yi rantsuwa cewa in ƙwai ta saka, magajin na Dumbuza ne da ƙofofin duka biyu, in kuwa haihuwa ta yi, na Harsuna ne. Da lokaci ya matso kowa ya ji tsoron faɗuwa. Dumbuza ya tura mayaƙa suka datse Ƙofar Mahaifa don kada Gimbiya ta haihu, Harsuna ta rama, ta datse Ƙofar Ɓawo don kada ta saka ƙwai. Gimbiya na can tsakanin rai da mutuwa, ta ce in nemo mata ungozomar da ba ta cin abincin kowa a cikinsu."

Tabawa ta ce, "Wato saboda gardamar surukai biyu 'yata ke mutuwa?"

"Haka ne."

Ta ajiye ƙwaryar, ta ƙara ɗaure zanenta. "Mu je."

Zarkamu ya naɗe ta cikin iska, suka nutse a gulbin ba tare da ta jiƙe ba. Da ta buɗe ido sai ta gan su a wani fili wanda sararin samaniyarsa kore ne shar, ba rana ba wata, amma ko'ina haske. Zarkamu ya ce daga nan sai tafiyar ƙasa, domin mayaƙan ɓangarorin biyu na harbo duk abin da ya tashi sama.

Filin nan fari fat, iyakar ganin ido. Tabawa ta ɗauka duwatsu ne, sai da suka shiga ta ga ashe ƙwai ne. Ga na jimina kamar ƙore, ga na zabo masu ɗigo-ɗigo, ga na kunkuru rabi a binne, ga na fara kamar ƙwayar shinkafa. Daga cikin kowanne ana ƙwanƙwasawa, ƙarar ta haɗu ta zama kamar ruwan sama a kan busasshen ganye. Iyayen na tsaye a kansu, fukafukai a sake, idanu sun faɗa. Zarkamu ya gargaɗe ta cewa in ta taka ko ɗaya, jiminu za su farke cikinta da ƙafa kafin ta ɗaga ɗaya ƙafar. Haka ta yi ta tafiya da yatsun ƙafa, tana neman wurin takawa tsakanin ƙwai da ƙwai, har sharaɓanta suka kama rawa, jiminu na biye da ita suna huci a bayan wuyanta.

Suka fita filin suka iso wani baƙin kogi, ba jirgi ba gada. A bakin rairayi wata tsohuwar kada ke kwance, tsawonta ya kai giginya, haɓarta a kan wani tudun yashi. Daga ƙarƙashin tudun ana jin wasu ƙananan muryoyi suna kira.

Kadar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ina jin warin nono. Wace ce wannan 'yar masu mahaifa da ta shigo ƙasar Dumbuza?"

Zarkamu ya yi mata bayani. Kadar ta ce, "Zan ƙetarar da ita a bayana in ta amsa mini tambaya ɗaya. In ta yi mini daɗin baki zan sani, in ta raina ni zan sani, kuma duka biyun hukuncinsu ɗaya. Ya ke 'yar Adam, wace uwa ta fi shan wuya, wadda ɗanta ke cikin cikinta, ko wadda ɗanta ke cikin rairayi?"

Tabawa ta dubi haƙoran nan jere kamar turaku. Sannan ta ce, "Ranki ya daɗe, ni na haihu, na san zafin da har ya sa mace ta manta sunanta. Wannan ba ki san shi ba. Amma mai ciki in gobara ta tashi, da ɗanta take gudu. Ke kuwa naki na waje, guza na kewaya shi, ambaliya na iya kwashe shi, ba ki da damar zuwa neman abinci hankali kwance. Wannan kuma ni ban san shi ba. Ba zan ce ga wadda ta fi ba, don ɗaya kawai na ɗanɗana. Abin da na sani shi ne, yau na baro tawa kwance tana kirana, ban iya yi mata komai ba, kamar yadda naki ke kiranki a ƙarƙashin yashin nan."

Kadar ta ɗaga haɓarta daga tudun yashin. Can ta ce, "Na tone su, na sa su a bakina a hankali don in taya su fasa ɓawon, ya ƙi. Na mayar na binne. Kullum muryarsu raguwa take." Ta ja jiki ta shiga ruwa. "Hau. Ki riƙe da kyau, kuma ki yi sauri."

Bayan sun ƙetare, hanya ta matse tsakanin wasu duwatsu biyu masu tsini, inda iyakar ƙasashen biyu take. A nan wata macijiya, kasa, ta gicciye, kaurinta ya kai turmi, cikinta ya kumbura yana motsi. Ta ɗaga kai ta yi huci, ciyawar wurin ta ƙone.

Ta ce, "Ba mai wucewa. Masu ƙwai sun kore ni, wai ba na saka ƙwai a ƙasa. Masu haihuwa sun kore ni, wai ba na ba da nono. Ni ƙwaina a cikina yake zama, a nan 'ya'yana ke fasa shi su fito da ransu. Kowace ƙofa aka rufe, ni aka rufe wa. Tunda zan mutu, zan tafi da duk wanda ya zo nan."

Tabawa ta ce, "Ba ni da ikon buɗe miki ƙofa tukuna, amma ina iya rage miki zafi. Yadda kika kwanta ne ya sa suka taru wuri ɗaya suna danne miki numfashi."

"Ki taɓa ni? In hannunki ya yi mini ciwo, sara ɗaya zan yi."

"In na tsaya nan ma mutuwar ce."

Ta durƙusa, ta ɗora tafukanta a kan fatar nan mai sanyi. Kan macijiyar na daidai kunnenta, harshen na lasar gumin wuyanta. Ta yi ta shafawa daga sama zuwa ƙasa, tana rarraba abin da ya dunƙule, kamar yadda take wa matan Tungar Bauna in ɗa ya gicciye. Sau ɗaya ta danna wurin da bai kamata ba, kasar ta buɗe baki har Tabawa ta ga dafi na ɗiga, ta rufe ido tana salati. Ba a sare ta ba. Can sai hucin ya lafa, kasar ta janye jikinta ta ba su hanya.

Suka gangara ƙasar Harsuna, wani kwari mai dausayi. A nan ba ƙwanƙwasa, sai nishi. Giwaye sun jingina da itatuwa, taguwa ta gurfana ta kasa tashi, goɗiya da saniya da barewa kwance gefe da gefe da zakanya, ba mai kula wani. Ko jemagu da ke rataye a rassa, duk da fukafukansu, cikinsu ya yi nauyi suna faɗowa ƙasa. Nono na zuba daga hantsa ba mai sha, har ya yi ƙorama. Tabawa ta ga wata barewa ta miƙe ƙafafu ta daina motsi, ta kawar da kai, ta ƙara sauri har tana tuntuɓe.

Fadar Gimbiya Nuwaira na kan wani tsauni, ga ƙofofin biyu can sama suna fuskantar juna, kowacce an naɗe ta da sarƙoƙi, mayaƙa sun kewaye. A zauren fadar Sarki Dumbuza na zaune a dama, mai baki irin na gaggafa da alkyabbar gashin dawisu. Magajiya Harsuna na hagu, ƙatuwar mace mai ƙahonin ɓauna. A tsakaninsu, bayan wani labule, ana jin numfashi sama-sama.

Tabawa ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ɗaga labulen ta shiga. Gimbiyar yarinya ce ƙarama, gashin kanta irin na tsuntsu ne mai laushi, leɓunanta sun tsage. Ta kama hannun Tabawa ta ce, "Iya, ban damu da abin da zai fito ba. Ki fitar mini da shi da rai."

Tabawa ta shafa cikin, ta kara kunne, ta fito. Ta durƙusa a tsakiyar zauren ta ce, "Allah ya ja zamaninku. Abin da ke cikin nan ya fara gajiya, uwar kuma ba za ta kai wani lokaci mai tsawo ba. In ta cika, ba ƙwai ba jariri, sai gawa biyu. Ku gaya mini, wane ne a cikinku zai gaji gawar?"

Dumbuza ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi. "Wa ya ba wannan halittar yumɓu izinin magana a gabana?"

"'Yarka ce ta ba ni, ranka ya daɗe. Leƙa ka gan ta, in kana iyawa."

Bai leƙa ba. Amma daga bayan labulen Nuwaira ta kira, "Baba," da wata murya da ta sa sarkin ya koma ya zauna. Harsuna ta ce ita ba za ta fara janye mayaƙanta ba, Dumbuza ya ce shi ma haka. Tabawa ta ce to a buga tambari ɗaya, a kwance sarƙoƙin biyu lokaci guda, abin da Allah ya nufa ya fito. Suka dubi juna da ƙiyayya, suka amince.

Aka buga tambari. Sarƙoƙi suka zube, tsaunin ya girgiza, wata iska mai ɗumi ta ratsa fadar. Nuwaira ta ƙwalla ƙara. Tabawa ta riƙe ta a durƙushe tana cewa, "Yi nishi, 'yata, yi nishi!" Nan da nan abin ya sulluɓo a hannunta.

Wani dunƙulallen abu ne kamar ƙwai, amma ba ɓawo, sai wata fata mai sheƙi cike da ruwa. A ciki ana hango jariri a naɗe, cibiyarsa na haɗe da uwar. Tabawa ta sha karɓar 'ya'yan da suka zo cikin riga, amma ba ta taɓa ganin riga mai kauri haka ba.

Sarakunan suka yaye labulen. Dumbuza ya ce, "Ƙwai ne! Kada wanda ya taɓa shi, shi zai fasa da kansa kamar kowane ɗan gidana."

Harsuna ta ce, "Ƙarya ne! Ƙwai da cibiya? Haihuwa ce. A bar shi yadda yake har a tara alƙalai su gani da idonsu."

Suka shiga musu, kowa na kiran mayaƙansa, kowa na rantsuwa zai sake datse ƙofar ɗan'uwansa. Tabawa kuwa jaririn take kallo. Ya tura fatar da ɗan hannunsa, ta ƙi. Ya sake turawa, a raunane. Leɓunansa suka fara yin baƙi.

Ta ce, "Yaron nan zai mutu."

Dumbuza ya ce, "Duk hannun da ya yaga fatar nan, ba zai ƙara ganin alheri ba."

Tabawa ta dubi Nuwaira, Nuwaira ta dube ta. Sai Tabawa ta sa farce ta tsaga rigar daga sama har ƙasa. Ruwan ya wanke mata hannuwa, zafi kamar tafasasshen mai. Ta zaro yaron, ta share masa baki da yatsa, ta juya shi ta mari bayansa. Shiru. Ta hura masa iska a fuska, ta sake mari. Sai ya tsala kuka, kukan da ya kai har kwarin giwaye.

Nuwaira ta miƙa hannu ta karɓi ɗanta, ta rungume shi. Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa. "Baba, ka rantse a kan ƙwai. Uwar mijina, kin rantse a kan haihuwa. Bai fasa da kansa ba, bai kuma fito tsirara ba, hannun baƙuwa ne ya fito da shi. Rantsuwarku ta faɗi, ba wanda ya ci. Kowa ya riƙe ƙofarsa a buɗe. Wanda ya sake kai sarƙa can, ba zai taɓa ganin fuskar yaron nan ba."

Harsuna ta juya ta fita. Dumbuza ya tsaya a kan Tabawa, idanunsa jajur. Ba shi da yadda zai yi da 'yarsa, sai ya sauke fushinsa inda ya samu. Ya ce, "Ke da kika hana ni gado, ji hukuncinki. Ruwan da ya taɓa hannuwanki namu ne. Daga yau duk jaririn da kika taɓa zai ji kiran ƙasar nan, ya bar nonon uwarsa, ya biyo mu." Ya kaɗa alkyabbarsa ya fice.

Tabawa ta dubi tafukanta, sun yi fari sol kamar an shafa alli. Nuwaira ta fashe da kuka ta ce, "Iya, ba ni da ikon warware maganar mahaifina, sai dai in yi mata iyaka. Ranar da yaro ya tashi ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya zama na duniya, kina iya ɗaukarsa. Kafin nan, kada ki yarda ko gefen yatsanki ya same shi."

Tabawa ta ce, "Na ji. Ki sha abu mai zafi, kada ki bari sanyi ya kama ki. Zarkamu, mai da ni gida."

Ya naɗe ta cikin iska, wannan karon ta sama. Ta hango kwarin cike da 'yan maruƙa masu jiƙaƙƙen jiki suna koyon tsayuwa, ta hango farin filin nan ya zama ɓawo tsantsa, tsaki ko'ina. Bai tsaya ba sai bakin gulbin Tungar Bauna, rana ta yi la'asar.

Ta ruga cikin gari. Kowane akurki kukan 'yan tsaki, kowane turke ɗan akuya na laluben hantsa. Wani gida guɗa ake yi, na kusa da shi kuma kuka, domin ba kowace mace ce ta iya jira ba. Tabawa ba ta tambayi kowa ba, ta faɗa gidanta numfashi na neman ɗaukewa.

Uwale ta tare ta a ƙofar ɗaki, aska a hannu. "Ina kika shiga, Tabawa? Ta sauka! Mace ce. Ni na yanke cibiyar, ban san ko daidai na yi ba, zo ki duba."

Ladingo na jingine da bango, ta rame, idanu sun zurma, amma da ranta. Ta ga uwarta sai ta yi murmushi, ta ɗago jaririyar da ke naɗe cikin tsumma, ta miƙo.

"Inna, karɓi jikarki."

Tabawa ta tako har bakin tabarma. Ta ga ɗan bakin yana motsi, ta ga gashin kan a jiƙe. Hannuwanta suka ɗago da kansu, kamar yadda suka saba tun tana budurwa. Ta mai da su baya, ta damƙe ɗaya da ɗaya har farce ya shiga nama.

"Inna, lafiya? Ba ki so ta ba ne?"

Tabawa ta durƙusa nesa kaɗan, hawaye na bin kumatunta, ba ta da hannun sharewa. Ta ce, "Riƙe ta da kyau, auta, tallafi kan. Uwale, matso da ita wajen haske in ga cibiyar. Zan gaya miki yadda za ki ɗaure."